Takun Dattijai da Kaset ɗin Bawa

Ku matso kusa, jikokina, ku kife wayoyin nan ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, amma wagga ba tatsuniya ba ce, abin da idona ya gani ne hannuna ya taɓa. Ke Saratu, tunda ke ce malamar makaranta, riƙe alƙalami ki rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini baki.

Abin da ya sa na tara ku shi ne, ran sunan ɗiyar 'yar'uwarku Luba na ga kun kife robar wanki kuna duka da cokali, wata na ɗauka da waya, kuna cewa ai kiɗin ƙwarya ke nan, mi ke da wuya ciki. To ni Kulu na yi shekara talatin da ɗoriya bisa ƙwaryar ruwa tsakanin Mafara da Bakura da Maradun, kuma har na aje makaɗi ban ce na gama koyo ba.

Aikina na farko wurin Inna Tumba ɗaukar ruwa ne. Inna Tumba zabiya ce, mutuniyar Dakko, aure ya kawo ta Mafara, ni kuma anka kawo ni daga Morai gidan da ke jikin nata. Rani biyu cur ban taɓa makaɗi ba. In za mu gidan biki, ni ke ɗaukar kwatarniya, in je rijiya in cika ta, in shimfiɗa bargo, in jera ƙoren, in koma gefe in zauna kamar baƙuwa. Ran da na yi ƙorafi sai ta ce, "Ke Kulu, hannu bawan kunne ne. Sai ubangida ya ƙoshi kana bawa shi ci."

Mu huɗu ne. Inna Tumba ke waƙa, mu ukun muna kiɗi muna amshi. Ige ke riƙe da masaki, babbar ƙwaryar nan mai muryar bajimi, ta kife shi bisa bargo tana duka da tafin hannu. Hajo ke da ƙananan ƙore biyu, yatsunta cike da zobba, in ta kama sai ku ce ƙanƙara ke zuba bisa kwano. Ni kuma, da lokacina ya yi, anka ba ni ƙwaryar ruwa, wadda ake kifewa cikin kwatarniya a buga da 'yan sanduna biyu na geza.

Zaɓen ƙwarya kaɗai ilimi ne. Ba kowane duma ke magana ba. Sai wanda ya nuna bisa uwarsa har igiyar ta bushe, a fafe shi, a kankare cikin, a shanya a inuwa, don rana tsage shi take yi. In kin je kasuwa ran Talata, ki ɗaga ƙwarya kusa da kunne ki ɗalle ta da farce. Wadda ta ce miki "kwas" ta fura ce, ki bar wa masu fura. Wadda ta amsa ta ja amsar, ita ce taki. In ta tsage a kai wa gyartai ya ɗinke, za ta ci gaba da cin tuwo, amma ba ta ƙara waƙa. Ƙwaryar ruwa kuwa, muryarta iskar da ke ƙarƙashinta ce. Ki ɗan karkata ta iska ta fita, murya ta sake. Sai kin daidaita ta da maƙogwaron zabiya na wannan rana, don murya ma tana da ranar da ta tashi da ƙafar hagu.

Sannan akwai doka guda, ita ce uwar dokoki. Zabiya ke buɗe kiɗi. Sai ta ɗaga hannu ta yi bisimilla kana a taɓa ƙwarya. Wadda duk ta riga zabiya, ta aje makaɗi ta koma gida, ba a ƙara zama da ita. Haka Inna Tumba ta gada wurin uwar ɗakinta. Ku riƙe wagga doka, za mu dawo gare ta.

To, lokacin da ake aikin dam wajen Maradun, Turawa sunka cika ƙasar nan. Yayana Bawa ya samu aikin kuku wurin wani daga cikinsu, mutumin Ingila, dogo mai jan wuya. Da Baturen zai koma gida, ya bar wa Bawa rakoda da kaset guda. A bayan kwalin kaset ɗin akwai hoton samari huɗu, gashi har kafaɗa kamar matan da sunka tsefe kai kitso bai samu ba, uku riƙe da garayar Turawa da kuke ce wa jita, ɗaya zaune bayan ganguna.

Bawa ya aje rakodar ɗakina, don matarsa ta ce ba ta kwana da aljanu. Batir kuwa a lokacin ba abin wasa ba ne. Guda shida rakodar ke ci, kuma waɗanda Baturen ya bari ciki da su munka yi ta amfani. In sun yi sanyi mu jera su bisa dangar gida rana ta gasa su, Bawa ya ɗan ciccije su da haƙori, a mayar.

Ran da na fara kunna wa abokan aikina, da hantsi ne, muna gyaran ƙore a tsakar gida, Bawa na zaune gefe. Murya ta fito mai kauri, a hankali, kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Ige ta dubi hoton ta dubi rakodar.

"Bawa, waɗanga yaran ne ke wannan gurnani?"

"Su ne, Ige. Kaf ƙasar Turawa babu kamarsu."

Inna Tumba ta karɓi kwalin ta nisanta shi da ido, ta ce, "Hoton ƙuruciya ne. Ku ji murya mana. Waɗanga dattijai ne, kuma wani babba ya rasu musu."

Bawa ya ba mu tarihinsu yadda maigidansa ya ba shi, yana yankan albasa Baturen na zuba. Wai 'ya'yan talakawa ne, 'yan unguwa guda. Sun fara kiɗi a ƙananan gidajen rawa, ana ba su abin da bai wuce na abinci ba, wani lokaci a kore su. Suna nan suna nan har Allah ya ɗaga su, sunansu ya ƙetare teku, in sun sauka gari 'yan mata su yi ta kururuwa har wasu su suma. Samarin duniya sunka bar gashi don su, duk mai jita ya koma kwaikwayonsu. Da sunka kai ƙololuwa sai shaiɗan ya shiga tsakani, kowa na ganin shi ne gishirin miyar, sunka watse kowa ya kama gabansa.

"Kun ji ko," in ji Inna Tumba. "Yunwa ba ta raba su ba, ƙoshi ya raba su."

Hajo ta ce, "Allah shi ba mu irin wannan ƙoshi, Inna, mu gani in za mu rabu."

Su sun yi dariya sun manta. Ni kuwa akwai waƙa guda, ta uku a fuskar farko ta kaset ɗin, da kiɗinta ya maƙale mini. A namu kiɗin, bugu mai nauyi shi ke shiga gaba, ƙananan su biyo shi. A nasu kuwa nauyin a baya yake faɗuwa: dum, tas, dum-dum, tas. Kamar tsoho mai sanda, ya aje ƙafa, kana ya aje sanda. In na gama aikin gida sai in kife ƙwaryar awo cikin ruwan wanke-wanke in yi ta bi. Na kwana biyu hannuna na gardama, don ya saba da gaba ana ce masa baya. Wata rana na gwada wa Inna Tumba. Ta saurara har na ƙare, ta ce, "Ya yi kyau. Ki bar shi nan wurin wanke-wanke. Ba a zuba wa kiɗin iyaye ruwan wata rijiya."

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya ɗauke gero na cikin bunƙasa, bai dawo ba. Duma bai yi ba, ɗan wanda ya yi bai fi kan jariri ba. Aure ya ja baya, suna kuwa sai a yanka abin da ya samu a watse. In ma an kira mu, roƙon ruwan kwatarniya ya zama abin kunya, mutane na layi bakin rijiya ke kuma kin zo neman tulu biyu don ki buga. In mun gama sai in juye wa awakin gidan su sha, kada a ce mun yi almubazzaranci. Ana cikin haka masakin Ige ya faɗo daga bisa jaki ya tsage, gyartai ya ɗinke, murya ta tafi. Kamar wannan bai isa ba, wani mai lasifika ya ɓullo daga Gusau da injinsa, shi ba ya shan ruwa, ba ya gajiya, muryarsa ba ta dishewa.

Hajo ta fara toya ƙuli-ƙuli. Mijin Ige ya ce in kaka ta zagayo ba abin da ya sake, ta bar yawon nan haka. Wata uku ba wanda ya aiko mana da goro.

Rannan sai ga aike daga Bakura. Hajiya Balki, matar wani falken shanu, za ta aurar da ɗiyarta ta fari. Munka hau motar kasuwa ni da Inna Tumba munka je jin magana. Bayan an gaisa, an tambayi gida da gajiya da mutanen Mafara da yaya munka ji da wannan shekara, sai Hajiya ta ce, "Inna, ba zan ɓoye miki ba. Alhaji ya riga ya kira mai lasifika, zai kafa a ƙofar gida. Ni na ce sai an kira ku, don ke kinka yi kiɗin aurena. Amma in mata sunka bar ku sunka fita waje, kar ki ga laifina."

"Hajiya, ko uwarki ni na yi wa amshi ran nata auren," in ji Inna Tumba. "Mu zo dai."

A mota ta ce mini, "Kulu, duk matan Bakura da na Maradun za su hallara gidan nan. In sunka watse sunka bar mu, ba mai ƙara kiranmu. Sai kowa ta kai ƙwaryarta madafa."

Ranar wuni munka isa tun da hantsi. Na cika kwatarniya da tulu biyu da Hajiya ta sa anka aje mana, na daidaita ƙwarya. Ige ta aro masaki wurin wata mai fura, ba shi da murya sosai amma ya fi ɗinkakke. Bayan azahar tsakar gida ta cika maƙil. Inna Tumba ta ɗaga hannu ta yi bisimilla, munka kama. Waƙa ta farko lafiya, ta biyu lafiya. Muna cikin ta uku mai lasifika ya tada injinsa.

Jikokina, ƙarar nan ko a Dakko sai an ji ta. 'Yan mata sunka fara zamewa bibbiyu, sai matan aure matasa sunka bi su wai za su leƙo. Inna Tumba ta ɗaga murya don ta haye ta waje, ta ƙara ɗagawa, sai maƙogwaro ya ce bai san zance ba. Tari ya sarƙe ta. Ta sauke hannu, kiɗi ya tsaya. Hajo ta miƙa mata ruwa. Na duba tsakar gida, ba kowa sai tsofaffi bisa tabarmi, su ma don tashi na yi musu wuya ne, ga wasu sun fara laluben takalma.

Doka ta ce in jira. Zabiya kuwa ba ta da muryar da za ta buɗe. Na dubi takalman nan, na dubi makaɗina, na saukar da shi bisa ƙwarya. Dum, tas, dum-dum, tas.

Ige ta zaro ido ta ce a hankali, "Kulu, kin haukace?"

"Bi ni dai, Ige. In korar ce an riga an kore ni."

Ta bi ni da masaki. Hajo ta saurara kaɗan, ta sami gurbi ta zuba zobbanta a ciki. Kiɗin ya tafi a hankali, da nauyi, yadda na ji shi a rakoda, ban ƙara masa sauri ko kaɗan ba.

Akwai kakar amarya, tsohuwa tukuf, an ce ta shekara goma ba ta taka rawa ba saboda gwiwa. Sai ga ta ta dafa bango ta miƙe. Ta aje ƙafa, ta aje sanda. Ta aje ƙafa, ta aje sanda. Kiɗin kamar da ita anka auna shi. Ta ce, "Yauwa! Yau ga kiɗin da ya san mutane sun tsufa." Tsofaffin nan sunka aje takalma, ɗaya bayan ɗaya sunka bi bayanta, suna tafe suna rangaji kamar raƙuma sun ƙoshi. Wata ta rangaɗa guɗa. Guɗar nan ce ta kai waje, don kowace mace ta san ba a yin guɗa a banza. 'Yan matan sunka dawo ganin abin da ya faru, sunka tarar da kakanninsu a fili. Wa zai koma wurin inji ya bar wannan?

Inna Tumba ta dube ni, kallon da har gobe ina jin sa a ƙeya. Sannan ta gyara zama. Da yake kiɗin a ƙasa yake, ba ya son ihu, disasshiyar muryarta ta zauna cikinsa daram. Nan take ta ɗora masa baki:

Taka sannu, uwar uwar amarya,
Ƙasa taki ce, ba aro kinka yi ba.

Munka amsa. Sau biyar anka sa mu maimaita kafin la'asar. Hajiya Balki da kanta ta shiga fili, ta aika waje a ce wa mai lasifika ya rage, yana damun mutane.

Da munka dawo Mafara, tun ban sauke kwatarniya ba Inna Tumba ta miƙo hannu.

"Kawo makaɗi."

Na ba ta. Hajo ta ce, "Haba Inna, yarinyar nan fa ita ta fisshe mu."

"Na sani. Ina wurin, ba labari anka ba ni ba. Amma in na bar wagga ta wuce, gobe ke za ki riga ni, jibi Ige, kowa ta ga ita ce gishirin miyar. Kun manta dattijan Bawa?" Ta juyo gare ni. "Doka ta ce ki tafi gida. Ni na ce kwana arba'in. Ki koma ɗaukar ruwa."

Kwana tara na yi. A rana ta goma goro ya zo daga Maradun, da saƙon cewa kiɗin nan na Bakura suke so. Inna Tumba ta gwada Hajo bisa ƙwaryar ruwa, hannunta ya ƙi komawa baya. Da yamma sai ga ta ta leƙo ta bisa danga, ta jefo mini sandunan cikin tsakar gida, ta ce, "Sauran kwana talatin da ɗaya kya cika su in na mutu." Ita ta raɗa masa suna Takun Dattijai, kuma daga ranar ita ke buɗe shi da hannunta kamar kowane kiɗi.

Shi ya riƙe mu har ruwa ya dawo, ya kuma riƙe mu shekara ashirin bayan nan. Masu ƙwarya na wasu garuruwa sunka ɗauka. Na taɓa zama gidan suna a Morai, wata yarinya na buga shi, na tambaye ta ina ta samo. Ta ce, "Iya, ai wannan tun kaka da kakanni ne." Na ce haka ne, Allah shi yi miki albarka.

Sauran labarin ke Saratu kin san shi, amma rubuta don waɗanga. Bara da kina gyara mini adudu kinka ci karo da kwalin kaset ɗin, zaren ciki ya daɗe da tsinkewa. Kinka nuna wa wayarki hoton, ta gane su nan take, kinka ce har yau ana jin su ko'ina a duniya, jikokin masu jin su na farko ma na ji. Na ce ki nemo mini ta uku a fuskar farko. Kinka kunna.

Na ce, "Ba ita ba ce."

Kinka ce, "Ita ce, Kaka."

"To wa ke korarsu?"

Kiɗin na gudu kamar an saki ɗan maraƙi, muryoyi 'yan sirara, yara ne ƙanana ke ihu. Kinka ce ba wanda ya rasu musu, wata budurwa ce suke roƙo ta dube su. Na kasa kunne da kyau, sai na ji shi can ƙasa, dum, tas, dum-dum, tas, shi ne dai, amma da gudu. A nan na tuna batiran nan shida bisa danga, da haƙoran Bawa a jikinsu. Ashe tun ranar farko rakodar ba ta taɓa samun ƙarfin da za ta ja zaren yadda ya kamata ba. Mu duka ba wanda ya taɓa jin waƙar a wani wuri, balle ya ce mana ba haka take ba.

Washegari na sa anka kai ni Bakura bisa babur wurin Hajo, ke kina biye da waya. Ta ji, ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Ta ce, "Kulu, da Bawa na da halin sabon batir, da tsohuwar nan ta karye a fili, mu kuma da tuni mun ƙare a ƙuli-ƙuli."

Inna Tumba ta rasu a ɗakinta a Mafara, tana riƙe da cewa dattijai ne, kuma ban so a ce ta ji wayar nan ba. Bayan addu'ar bakwai na aje makaɗi kwana talatin da ɗaya, na cika mata abinta. Ige ta bi ta bayan shekara huɗu, ɗinkakken masakinta na nan wurin ɗiyarta ana zuba dawa. Bawa ya buɗe teburin shayi a bakin tasha, ya yi ta ba direbobi labarin Baturensa har Allah ya karɓi abinsa. Mai lasifika ya koma sayar da batir, kun ji ikon Allah. Hajo na Bakura wurin ɗanta, ido ya yi rauni amma zobban na nan a yatsu. Samarin Ingila kuwa, kin ce biyu sun riga mu gidan gaskiya, biyu na nan da furfura. To yanzu dai sun zama dattijan da Inna Tumba ta ce. In da mai zuwa can, a gaya musu kiɗinsu na nan wurinmu, mun rage masa gudu, ya yi daidai da gwiwarsu.

Nan na kife ƙwaryata. Wadda ke son koyo cikinku, ga tulu can bakin ƙofa, rijiya kuma kun san hanya.